Farantin da Ba Ya Tsayawa Wuri Ɗaya

Tun yana saurayi Kawu yake hawa rufin mutane yana kafa farantin talabijin, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ka saita faranti, ka ɗaure shi tamau. Farantin da ya motsa ya lalata aiki.

Yayarsa kuwa idanunta ne suke tafiya, likita ya ce ba makawa. Burinta ta ga fuskar jikan da aka haifa mata a wata ƙasa kafin duhu ya rufe. Garin ba sabis ɗin kirki, sai ɗanta ya aiko da farantin intanet irin na zamani, ya ce a jira ma'aikacin kamfani. Kawu ya ji haushi. Yana raye a kira bare ya hau rufin yayarsa?

Da hantsi ya jingina tsani, ya kafa abin, ya jona wuta. Sai faranti ya ɗaga kai, ya karkata hagu, ya dawo dama. Matar maƙwabci ta leƙo ta katanga, ta ce ɗanta ya gaya mata taurarin ɗan'adam da wannan farantin ke kamawa a ƙasa-ƙasa suke, gudu suke yi, wani na wucewa wani na zuwa, shi ya sa farantin ke neman saitinsa da kansa. Kawu ya yi tsaki. Tauraro dai ai a kafe yake, shi da ya tsufa a sana'ar za a koya wa?

Ya ɗauko sifana ya matse wuyan. Abin ya ƙara yunƙuri. Ya naɗe shi da waya, ya ƙara da ƙarfe biyu, faranti ya tsaya cak. Injin ciki ya yi ta gurnani, can sai ƙauri ya tashi.

Da ya sauko ya tarar yayar ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta zauna a bakin gado da waya dab da hancinta.

"Ƙanena, ya kama?"

Ya ce saura kaɗan. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita.

Kamfani ya ce sai an aiko da sabo, kuma layi da tsawo. Sabon ya iso bayan damina. Ma'aikacinsu ya ɗora shi, ya bar shi yana juyinsa, hoto ya fito tar. A kiran bidiyo, ɗan yayar ya ɗaga yaron yana dariya, Kawu ya riƙe mata wayar.

Ta shafa gilashin da yatsa, ta juyo wajen muryar ƙaninta.

"Kai ka duba min. Da wa yake kama?"