Sunan da Kaka Malka ke Riƙo

Duk faɗin Sharaɗa babu mai suna irin na kakar Aina'u. Kowane gida ka leƙa za ka samu Lami ko Maryam, amma Malka ita kaɗai ce. Aina'u kuwa in tambaya ta shiga kanta, ko abinci ba ta iya ci.

Saura kwana uku sunan ƙanwarta, ana ta gardama a kan lakabin jaririyar, sai ta je ta tsuguna gaban tsohuwar.

"Kaka, wai naki sunan daga ina aka samo shi?"

Kaka ta ajiye carbi. "Ba nawa ba ne. Riƙo nake yi."

Ta ba ta labarin mahaifinta, Malam Lawan, wanda ya yi aiki a wani kamfanin fata a Bompai tun kafin a haife ta. Mai koya musu jima da inji wani Bayahude ne daga Turai, suna ce masa Yakubu. Wata rana ya naɗe hannun riga, Lawan ya hango shuɗin zane a hannunsa. Lawan kuwa jikan wanzamai ne, da ganin tsagar mutum ya san garinsu. Wannan ce ta gagare shi.

"Sai Baba ya ce, 'Maigida, tsagar wane gari ce wannan? Wanzamin ya iya aiki.'"

"Me ya ce masa?"

"Ya ce lamba ce, ba tsaga ba. Baba ya ji kunya. A yaƙin duniya na biyu aka tara mutanensu a sansani, aka ƙwace sunayensu aka buga musu lamba, kamar yadda ake yi wa fatu. Duk gidansu shi kaɗai ya fito da rai."

Aina'u ta dubi nata hannun. Tausayi ya kama ta.

"Yana da 'ya, Malka, shekararta huɗu ta rasu a sansanin," in ji Kaka. "A al'adarsu, in mutum ya rasu sai a sa wa jariri sunansa don kada ya ɓata. Shi kuma ba shi da kowa. Da aka haife ni an raɗa mini Rukayya, sai Baba ya ɗauke ni har ƙofar kamfani ya ce, 'Ga Malka.' An ce mutumin zama ya yi a ƙasa yana kuka."

"To, Kaka, in ba kya nan fa?"

"Ke nan sunan ya tafi. Shekara sittin da biyar, babu wanda ya taɓa tambayata sai ke."

Aina'u ta miƙe, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta tarar da babanta a zaure yana shirin tafiya aiki Challawa, ta riƙe masa hannun babur.

"Baba, kar ku tafi tukuna. Na samo wa jaririya lakabi, amma sai kun ji labarin mai shi."