Abin da Ba a Shanyawa a Igiya

Tururi ya tashi daga ƙarƙashin dutsen guga, matar mai wanki ta kawar da fuska. Ta kulle ƙofa, ta saki labule, tana busar da ɗan kamfanta da garwashin mijinta kamar wadda ta shigo sata. A tsakar gida kuwa igiyar shanya na nan, daga bakin famfo har bangon banɗaki, iska tana kumbura rigunan rabin unguwa, sai ka ce mutane ne marasa kai suke rawa.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, igiya ɗaya. Matan gidan a kan igiyar nan suke karanta labarin juna. A nan suka gane tana da ciki tun kafin ta faɗa wa mijinta. A nan kuma suka gama da matar direba, da aka ga tana yawan wanke kayan ciki.

"Ruwan nan ba ya zubo wa mace haka kawai," in ji Inna mai ɗakin ƙarshe. "Ko ƙazanta, ko yawo. In ba ita ba, to mijin."

Matar direba ba ta ƙara zama a tabarmar hira ba har suka tashi daga gidan.

To ga shi yanzu abin ya zo kanta. Da farko fari ne, ba wari, ba ƙaiƙayi. Da cikin ya yi nisa sai ya sauya kala, ya koma ruwan ɗorawa, ya fara ƙarni. Ta san ba ta yi yawo ba, wanka kuwa har fatarta ta fara tsagewa. Amma kunya ba ta tambayar ko kana da laifi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta cusa kayan a tsohuwar jakar da ke ƙarƙashin gado.

"Amarya, wa ke cinye mini gawayi ne?" in ji mai wanki, ya sauke ƙunshin kaya. "Ko ɗan cikin nan ne ya fara koyon sana'a?"

"Sanyi nake ji," ta ce.

Ya yi dariya. Mutum ne da babu tabon da bai sani ba. Yakan ɗaga riga ya ce, "Wannan ba zubewa shayin ya yi ba, watso masa aka yi." Yana da gwangwanin da yake tara abin da ya tsinta a aljihunan mutane: maɓallai, makullin da ba a san ƙofarsa ba, har da haƙorin wani. Ta dube shi yana sunsunar wuyan wata riga, sai maganar da ta taso mata ta koma ciki. In ya ji, ita zai zarga, ko zai ɗauka shi take zargi?

* * *

A ƙaramin asibitin unguwa ba a shiga wurin malamar jinya sai an bi ta tagar mai kati. Gilashin tagar yana da kauri, mai katin kuma kunnensa ɗaya ya mutu, don haka duk wanda ya zo sai ya ɗaga murya ya faɗi ciwonsa, mutanen benci suna saurare. Kafin layi ya zo kanta ta san wa ke da basur, wa ke fitsarin kwance.

Tun daga gida take maimaita maganar a ranta. Tana isa tagar sai ta ji murya a bayanta.

"A'a, matar mai wanki! Ya jiki? Ki ce wa maigidan ya rage sitaci a wandona."

Tela ne na bakin layi, mutumin da in ya ji magana da safe, kafin azahar ta zaga unguwa.

"Me ke damunki?" mai kati ya daka tsawa.

Ta dubi wata ƙadangaruwa mai guntun wutsiya da ke manne a bango, tana gyaɗa kai kamar ta san komai.

"Ciwon kai," ta ce.

"Me?"

"Ciwon kai!"

Masu ciwon kai ba sa jiran malama. Aka miƙo mata ƙwayoyi farare ta taga, ta karɓa hannu biyu, har da godiya.

* * *

Bayan wani lokaci ruwan ya tsinke, ya koma kamar na famfo, yana ɗiga ko tana zaune. Ta ɗauka fitsari ne ya ƙi riƙuwa, kunyar ta ninku. Guga ta daina wadatarwa. Ta yayyaga tsohon zane tana ƙunzugu da shi, wanda ya jiƙe ta tura jaka. Sai zazzaɓi ya zo. Da rana tsaka ta faɗi a bakin famfo, bokiti a hannu.

A babban asibiti ungozoma ta duba ta, sannan ta sunkuyo.

"Ƙanwata, tun yaushe ruwan nan yake zuba?"

Ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Farin na farko ba komai ba ne, kusan kowace mai ciki tana ganinsa. Da ya sauya kala, magani kaɗan ne. Wannan kuwa ruwan da yaron ke kwance a ciki ne." Ta juya wajen mai wanki. "Kai ma ba ka lura ba?"

Ya dubi hannuwansa da sabulu ya cinye.

Yaron da ta haifa namiji ne. An ce yana da dogayen yatsu irin na ubansa. Bai yi kuka ba.

* * *

Ran da ta dawo gida tana kwance, ta ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ya buɗe jakar. Ya daɗe a tsugune, wannan karon bai karanta tabo ko ɗaya da ƙarfi ba.

"Amarya," ya ce, "kayan duk garin nan ina wankewa."

Ya ɗauki jakar ya fita.

Ta gefen labule ta ga ya sauke rigunan mutane daga igiya tun ba su bushe ba. Ya wanke tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su a tsakiyar gida, ya sa wa kowanne maƙali kamar kayan wani babban mutum. Inna ta fito za ta banɗaki, ta ɗaga kai, ta sauke, ta zagaya ta bayan famfo.

Can sai ƙofar ɗakin da ke kallon nasu ta buɗe. Matar mai gyaran waya ce, da ɗan cikinta da ya fara turo riga. Ta tsaya ta dubi igiyar, ta waiga dama da hagu, sannan ta koma ciki da ƙaramin bokitin wankin kamfanta, murfinsa a rufe.