Bugu Daga Bayan Bangon Kicin

Malam Bature magini ya ƙwanƙwasa tayil na huɗu da ƙotar guduma, ya ji ya yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya. Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare shi, filastar da ke baya ta biyo shi tana zubowa kamar jiƙaƙƙen tsaki.

"Hajiya, wannan ba ruwan damina ba ne," ya ce. "Sai an kankare har kan bulo, a bari ya sha iska, sannan a sake yaɓe. Me ke bayan bangon nan?"

"Banɗakin Baba Mark ne," in ji Suwaiba, matar gidan, tana kwashe tukwane daga kicin ɗin.

Baba Mark maƙwabcinsu ne, tsohon malamin firamare, shi ya koya mata karatu a aji uku a nan Malumfashi. Matarsa Mama Salome ta tafi Kafur biki tun shekaranjiya.

Malam Bature ya daki bango sau biyu. Sai bangon ya amsa. Ƙwas. Ƙwas.

Suka dubi juna. 

"A'uzubillahi," Malam Bature ya faɗa a hankali, ya ja da baya. "Hajiya, kin ji abin da na ji?"

Bugun ya sake zuwa, rarrauna, daga can ƙasa kusa da daɓe. Ta durƙusa ta kara kunne a jiƙaƙƙen bulo. Ƙarar famfo ta fara ji, ruwa na zuba ba tsayawa. Ƙarƙashinta kuma wani nishi.

"Baba! Baba, kai ne?"

 Bugu kawai.

Ta fita da gudu ba takalmi, ta jijjiga ƙofar gidansa. Ƙofar ƙarfe ce mai sakata uku, wadda ya sa aka yi masa bara bayan masu garkuwa sun shigo unguwa sun tafi da mutum biyu. A kulle take ta ciki. Katangar kuwa doguwa ce, an nannaɗe samanta da waya mai ƙaya. Maza suka fara taruwa, wani ya hau babur ya tafi neman mai walda.

Da ta komo, Malam Bature ya riga ya fara fasa bangon.

"A hankali, Malam, kada ka same shi!"

"Ta gefensa nake bi, Hajiya. Bulon ya ruɓe, ba zai yi gardama ba."

Bulo ɗaya ya faɗa ciki, ruwa ya kwararo cikin kicin har ya shafe mata idon sawu. Malam Bature ya tsaya, ya ɗaga kai yana duban wata tsaga da ta haura har rufi.

"In na ƙara, bangon zai rufto masa. Kafaɗata kuma ba za ta shiga ba."

Suwaiba ta kwanta a cikin ruwan ta leƙa. Baba Mark na kwance a kan daɓe da tawul a ƙugu, bakinsa ya karkace gefe guda. Kofin silba ne a hannunsa na hagu, da shi yake bugun. Ta zura hannu har kafaɗa, bulo na kartar fatarta, ta kamo yatsunsa. Sanyi ƙalau.

"Salome?" ya faɗa, harshen ya yi nauyi.

"Ni ce, Baba. Suwaiba."

"Suwaiba... tun asuba."

"Ga mu nan, Baba. Yanzu za a buɗe. Kada ka yi barci, ka ji?"

Daga waje injin mai walda ya fara kuka. Ƙasa ta riƙa zubo mata a wuya daga tsagar, amma ba ta janye ba. Leɓunan tsohon na motsi da addu'arsu ta coci. Ba ta san kalmomin ba, sai ta riƙa cewa amin duk inda ya ja numfashi. Ta yi ta faɗa har ta lura ta daɗe ba ta sami wurin faɗa ba.

"Baba?"

Ta matsa yatsun. Ba su matsa nata ba.

Can ta ji ƙofar ta faɗi, ta ji takun mutane da salati. Wani ya kashe famfo. Wata murya ta ce ta rami, "Hajiya, sake shi haka nan. Ya riga ya tafi."

Da ƙyar ta zaro hannun, ya yi tsami har wuya. Malam Bature ya juya mata baya yana share ido da hularsa.

Bayan la'asar motar Kafur ta sauke Mama Salome a bakin layi. Suwaiba na tsaye cikin matan unguwa, babu wadda ta iya yin gaba. Tsohuwar ta taho a hankali cikin ankon biki, da ledar cincin a hannu, tana duban takalman da suka cika ƙofar gidanta.