Garmar Kefas a Jikin Atamfa

Malam Arzika ya rubuta a allo: ƙasar da lada ke da arha ta saƙa tufafi, mai jari ta ƙera injuna, su yi musaya, a hankali lada ya daidaita, kowa ya amfana. Shekara uku yana koyar da wannan a wata sakandare a Zuru, yana faɗa da malaman da ba sa barin yara su yi tambaya.

Rachel, 'yar wansa marigayi Kefas, ta ɗaga hannu.

"Malam, ladanmu ba shi da arha ne?"

"Yana da arha."

"To me ya rufe masaƙar su Baba?"

Ya ce ta zauna.

Kefas mai zanen atamfa ne a Kaduna. Da masaƙar ta rufe a 2003 ya dawo gida, bai ga girbi ba ya rasu. A kowane zane yakan ɓoye 'yar garma cikin furanni, don tuna shekarun golmo, noman da ya yi wa surukinsa kafin a ba shi uwar Rachel.

Ranar gwajin tantance waɗanda za su zauna jarrabawar fita, Rachel ba ta rubuta komai a kan cinikin ƙasashe ba. Ƙyalle ta maƙala a takardar da allura. In babu makin nan, ta faɗi.

Arzika ya ɗaga ƙyallen a haske. Ga garmar. Daga shagon wani mai sayar da atamfa, Ndubuisi, yake, ankon zumuntar matan coci, saƙar ƙetare. Masu kwafar zanen sun kwashe har da ita.

Ranar Lahadi mata arba'in suka shigo coci da rawa cikin ankon, uwar Rachel a gaba. Garmar tana hawa tana sauka a jikinsu kamar layin manoma a gona. Arzika ya bi garmar da ido.

Litinin ya kira Rachel, ya ba ta sabuwar takarda.

"Rubuta abin da littafi ya ce, ki wuce. A bayan takardar ki rubuta abin da ya ci Kefas."

"Wanne za ka duba, Baba?"

"Na gaba na masu jarrabawa ne."

Ta fara rubutu. Shi kuwa ya manna ƙyallen a allo, a kan kalmar "kowa".