Batir a Ƙirjin Hagu

Nas na cikin ɗaure wa Malama igiyar rigar asibiti ta baya ɗanta ya faɗo ɗakin ko sallama babu, Littafi Mai Tsarki a hammata, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Mama, tashi mu tafi gida."

Malama ba ta ko juyo ba. Kowa Fasto yake ce masa, har dattawan ikilisiya da suka yi sa'ar ubansa suna rusuna masa in za su gaisa. Amma a wurinta Auta ne, wanda ta goya har bayanta ya gaji.

"Ina kwana, Auta. Ko gaisuwar ma an hana a zamanin ƙarshe?"

Ya durƙusa ya gaishe ta a gurguje. Nas ta ga alamar maganar gida ce, ta ce bari ta je ta turo gadon tiyata, ta fita.

Tun bara zuciyar Malama ta fara yi mata gardama. Sai tana tsaye ta ji duniya ta yi nisa, ta farfaɗo ta ga mutane a kanta suna yi mata fifita. Faɗuwar ƙarshe a bakin titi ta yi ta, saura kaɗan mai babur ya bi ta kanta. Likita ya ce bugun zuciyar ne yake ja da baya, magani ɗaya ne: a dasa mata 'yar na'ura mai batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta riƙa tunatar da zuciyar aikinta.

A cikin shekarar nan kuma Auta ya duƙufa wa'azi a kan Ru'ya ta Yohanna, littafin da yake maganar ƙarshen zamani. Yaƙe-yaƙe, girgizar ƙasa, annoba, duk ya jera su ya ce ga su a labarai. Ya ce alamar dabbar nan da Ru'ya ta ambata ta riga ta iso, ita ce na'urorin da ake cusa wa mutane a jiki, duk wanda ya yarda aka sa masa ya sayar da ransa. Majami'a ta cika har ana shimfiɗa tabarmi a waje. Malama tana kujerar gaba tana ji, ba ta taɓa tankawa ba, don ba a kunyata ɗa a gaban jama'arsa.

"Mama, kin ji da kunnenki abin da na faɗa," in ji shi. "A rubuce yake. Ba ni na rubuta ba."

"Buɗe ka karanta min. Ina aka ce za a sa alamar?"

"Kin sani ai. A hannun dama ko a goshi."

Ta ɗaga hannun damanta ta juya shi gaba da baya, ta shafa goshi, sannan ta dafa ƙirjinta na hagu.

"Nan za su yanka. Nan hannu ne ko goshi?"

"Mama, ai ba lallai sai hannun ba. Manufar ita ce jikin mutum..."

"Au, manufa! Ashe kai ma ka san manufa. Kullum kana kan mumbari kana cewa harafi da harafi, in Allah ya ce dabba to dabba ce. Yau da aka zo kan ƙirjina, hannu ya koma misali."

"Dabbar dai dabba ce."

"Ɗan Ragon da ke cikin Ru'ya fa, wanda muke yi wa sujada? Ciyawa yake ci?"

"Mama! Wannan saɓo ne."

"Tambaya ce. Tun kana rarrafe nake koya wa yara Littafin nan ranar Lahadi. Ni abin da na gane, alamar hannu ita ce abin da hannunka yake aikatawa, ta goshi kuma abin da ka ɗora wa kanka kana bauta masa. Na ga masu alamar da yawa, ba wanda aka yi wa tiyata a cikinsu. Wataƙila ni ce ban gane ba. In mun je can sai a raba mana gardama."

Ya zauna a bakin gado, ya ajiye Littafin a cinya. Da ya sake magana muryar mumbari ta tafi, saura ta yaron da yake biyo ta makaranta yana riƙe da gefen zaninta.

"Abin da nake tsoro ke nan. Kada in je can in duba ko'ina in rasa ki."

Wannan ta taɓa ta. Ta san ba ƙarya yake yi ba, da gaske yake gani kamar wuta za a tura ta. Ta ji kamar ta jawo kansa ta rungume. Amma ta san in ta yi laushi yanzu, da takalmanta zai fita a hannu, ita kuma ta bi shi.

"Wanda ya riƙe ni tun ina budurwa ba zai sake ni saboda batir ba. In har ƙarfen da bai kai murfin kwalba biyu ba zai iya ƙwace ni daga hannunsa, to ba shi nake bauta wa ba."

"Jama'a fa? Me zan ce musu? Uwar fasto da kanta!"

"Ka ce musu uwarka mai taurin kai ce, sun sani. Kuma ka ji da kyau, ina samun sauƙi zan koma kujerata ta gaba. Wanda yake son ganin alamar dabba ya zo, zan ɗaga masa mayafi ya gani."

Nas ta dawo da gado mai taya, wani ma'aikaci yana tura mata. Auta ya miƙe ya tsaya a ƙofa, ya cika ta da faɗin kafaɗunsa.

"Yallabai, a ba mu hanya," in ji nas.

Bai motsa ba.

Malama ta sauko da ƙafafunta ƙasa. Jiri ya ɗebe ta, ta kama ƙarfen gado har ya wuce, sannan ta taka a hankali, ba takalmi, har ta zo gabansa. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba.

"Ban taɓa shiga tsakaninka da mumbarinka ba. Kada ka shiga tsakanina da numfashina. Matsa."

Ya dube ta. Ya matsa.

Da ta kwanta aka ja mata bargo, ta ce ya yi mata addu'a. Ya girgiza kai, hawaye na zubo masa.

"Ba zan iya sa albarka a kan abin nan ba, Mama."

"To kada ka sa. Ka yi wa hannun likita, shi ba a ambace shi a Ru'ya ba."

Nas ta danne dariya, ta ce sai an cire 'yan kunne kafin a shiga. Malama ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta kamo hannunsa ta buɗe, ta zuba masa a tafi, ta dunƙule masa yatsu a kai.

"Riƙe min. Kada ka je ko'ina, in na fito zan karɓi abina."