Rufa-Baya

A wurin aiki ana ce masa Malam Fayil, don shekararsa ashirin da biyu a ɗakin ajiyar takardu da ke ƙasan bene, inda babu taga sai wata fanka mai kukan tsufa. A ƙungiyar masu hawan keke kuwa sunansa Rufa-Baya. Kyaftin, shugaban ƙungiyar, shi ya raɗa masa sunan tun Asabar ɗin farko da ya je, a makon da aka ce masa a asibiti jininsa ya hau, dole ya riƙa motsa jiki.

"Kowace tafiya tana buƙatar mai zama a ƙarshe," in ji Kyaftin. "Wanda tayarsa ta yi faci ka tsaya masa, wanda numfashi ya ƙare masa ka lallaɓo shi. Na ga kai ba mai gaggawa ba ne."

Ba mai gaggawar ba ne kuwa, sai abin ya bi jiki. Shekara huɗu ke nan duk Asabar yana bin su a baya da jaka a goye: famfo, sifana, tiyub biyu, gorar ruwa ta wanda ya manta tasa. Ta ƙeya ya san su. Ya san Likita da karkata kafaɗar hagu in an zo hawa, ya san Lauya da rigar da ba ta rufe masa ƙugu. Ya taɓa cin karo da Lauyan a layin banki, suka dubi juna ido cikin ido, bai gane shi ba sai da mutumin ya juya baya.

Kekensa irin nasu ne, siriri mara nauyi, da sirdi kamar bayan wuƙa da hannu can ƙasa. Ya saya ne don ya ga irinsa kowa yake hawa. Kafin a ci rabin hanya tafin hannunsa ya mutu, wuyansa ya sage, ranar Litinin kuma a tsaye yake jera fayil don zama ba ya yi masa daɗi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ɗauka haka abin yake.

Maiɗakinsa ta tafi wurin 'yarsu da ta haifi tagwaye a wani gari mai nisa. Wata biyu ta ce za ta yi, ga shi ana cikin na bakwai. Tun tafiyarta ya daina barin keken a baranda, ya shigo da shi falo, ya jingine shi a jikin keken ɗinkinta da ke lulluɓe da zani. Duk yammacin Juma'a sai ya goge shi, ya ɗiga wa kaca mai, ya duba waya ya ga abin da ta ce game da sararin gobe.

Wannan karon wayar ta ce sai da yamma za a yi ruwa. Amma da suka taru a bakin shataletale da sassafe, su goma sha huɗu, gabas ta riga ta yi duhu, iska tana ɗauke da ƙanshin ƙasa.

"Kyaftin, anya hadarin nan zai bar mu?" in ji shi.

"Haba Rufa-Baya, kai gishiri ne da za ka narke? Kafin ya haɗu mun kai madatsar ruwa mun sha shayi."

Aka yi dariya, aka hau.

Ranar akwai sabon shiga, wani ƙaton mutum mai kantin magani, da sabon keke fil da tayoyin da ba a ba su isasshiyar iska ba. Tun kafin a fita gari ya faɗa rami, tayar gaba ta sace. Rufa-Baya ya durƙusa ya sa masa tiyub. Bayan an wuce masana'antar bulo ta baya ma ta bi sahu, ya sa masa na biyun. Mutumin yana tsaye a kansa yana leƙen hanya.

"Sun yi nisa fa. Na gode ƙwarai, Malam… am…"

"Je ka kawai, ina bayanka."

Mai kantin magani ya taka feda da ƙarfinsa, ya sha kwana, ya ɓace.

Ba a yi minti goma ba iska ta juyo da sanyi, ruwa ya kece. Rufa-Baya ya sunkuyar da kai yana tafiya a hankali, ruwa yana shiga masa ta wuyan riga, sai ya ji bayan keken yana rawa a ƙarƙashinsa. Ya sauka. Wata 'yar ƙusa ce ta shige tayar baya har kai. Ya lalubo akwatin faci a gindin jaka, ya matsa sholisho, ya tarar ya bushe ƙamas. Ya kira Kyaftin sau biyu, ba a ɗauka ba.

Ya tura keken kusan kilomita guda, takalmansa suna tsotson ruwa, har ya kai wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi. Rumfar tana nan, rabin kwanonta ya yaye. Yana shiga wayarsa ta yi ƙara. Hotuna ne a zauren ƙungiya: ga su a ƙarƙashin rumfar mai shayi a bakin madatsa, a jiƙe, suna dariya, kofuna a sama. A ƙasa Kyaftin ya rubuta, "Alhamdu lillahi, kowa ya iso lafiya."

Ya ƙirga fuskokin da yatsa. Goma sha uku. Ya rubuta, "Ina tsohon gidan mai, na yi faci." Ya tsaya yana kallon rubutun, sannan ya goge. So yake ya ga tsawon lokacin da za a ɗauka kafin wani ya tambaya.

"Wayar ba ta faci, Malam. Kawo keken nan."

Sai a lokacin ya lura ba shi kaɗai ba ne. Wani dattijo ne zaune a kan dakalin da famfon mai ya taɓa tsayawa, da rigar ruwa ta leda, da filas a gefensa. Kusa da shi wani baƙin keke ne mai nauyi, irin na da, mai faffaɗan sirdi da kariyar ɗora kaya a baya.

"Sannu Baba. Ban gan ka ba."

"Ai na ga alama. Sannu da ruwa."

Dattijon ya buɗe wani gwangwani da ke ɗaure a kariyarsa, ya fito da sholisho da guntun roba da 'yar takardar gogewa. Ya san aikin. Ya tsoma tiyub ɗin a ruwan da ya taru a bakin rumfa har kumfa ta nuna hujin, ya goge, ya shafa, ya ajiye ya sha iska. Ya tsiyaya shayi a murfin filas ya miƙa masa.

"Kana cikin masu riguna masu walƙiyar nan da suka wuce ɗazu?"

"Ni ne na ƙarshensu."

"To wa ke bayanka?"

Rufa-Baya ya kurɓi shayin. Dattijon ya manna robar a kan hujin, ya mayar da tiyub ɗin, ya ba tayar iska. Ya tashi ya zagaya keken yana girgiza kai.

"Wane maƙiyin naka ne ya ɗaura maka sirdin nan? Hau in gani."

Ya hau, dattijon yana riƙe da shi.

"Dubi yadda ƙafarka take miƙewa kamar mai leƙen katanga. Ga kanka a ƙasa sai ka ce allura ka yar. Hannunka ba ya mutuwa?"

"Yana mutuwa, Baba."

"Wuya fa?"

"Har da baya."

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

Dattijon ya yi salati. Ya karɓi sifana, ya sauke sirdin da faɗin yatsa biyu, ya daidaita hancinsa, ya kwance hannun keken ya ɗago shi iya inda zai ɗagu. Yana aikin yana magana. Ya ce shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a kan keke ana biyansa, da ya yi ritaya sai ya gane ashe ba don albashin yake yi ba. Yanzu kullum da safe yakan je gada ya dawo, in da rana in da ruwa. Abokan hawansa uku ne a da, biyu sun rasu, ɗaya gwiwa ta kwantar da shi.

"Ruwa ba ya hana ni. Iska ce abokiyar gabata. In za ka fita, ka fara tunkarar ta da sauran ƙarfinka, ta rako ka gida da ka gaji."

Da ruwan ya tsagaita suka fito tare. Rufa-Baya ya hau, sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya ga saman itatuwa, ya ga wata doguwar hasumiyar ruwa da ya wuce ta gabanta sau ɗari bai taɓa lura da ita ba. Suka jera kafaɗa da kafaɗa har mararraba, ba mai gaba ba mai baya.

"In ka ga dama wata rana, ƙarfe bakwai nake wucewa ta gidan man nan," in ji dattijon. Ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya karkata hagu.

Sai ranar Lahadi da la'asar Kyaftin ya kira, shi ma don mai kantin magani ya tambayi lambar "mutumin nan mai famfo" ne.

"Rufa-Baya, wallahi mun ɗauka ka juya gida saboda ruwa! Ai da ka yi magana. Ka yi haƙuri don Allah."

"Ba komai, Kyaftin."

"Asabar dai kana nan ko? Akwai sababbi biyu."

"Sai yadda ta yiwu."

Da ya kira maiɗakinsa ya fara ba ta labari, bai kai wurin ƙusa ba ɗaya daga cikin tagwayen ya tsala kuka. "Baban yara, bari in kira ka an jima. Ka dai sha magani kar mura ta kama ka," ta ce.

Ranar Talata ƙarfe bakwai saura yana gidan man. Ya jira har bakwai da rabi, ya juya ya tafi aiki. Ya koma Alhamis, haka. Asabar ma can ya nufa maimakon shataletale, ya zauna a kan dakalin har rana ta ɗaga. Daga ƙarshe ya tsallaka titi wurin wata mata mai sayar da tsiron furanni a gwangwanaye, ya tambaye ta labarin dattijon.

"Baba mai baƙin keke? Ayya, ba ka ji ba? Ranar ruwan nan santsi ya kwashe shi a kwanar gidansu, ya faɗa kwata. Bi nan, layi na biyu, gida mai shuɗin ƙyaure."

Surukar dattijon ce ta buɗe masa. A zauren shiga ya ga baƙin keken an rataye shi a bango, an zarge tayar da sarƙa da kwaɗo. Dattijon yana kan kujera a bakin tagar da ke kallon layi, hannunsa na dama a naɗe, an rataye masa shi a wuya. Ya ƙura wa baƙon ido bai gane shi ba, sai da ya hango keken a waje.

"Af, mai allura! Ya wuyan?"

"Ya daina, Baba. Ya hannun?"

"Hannu zai warke. Makullin ne ba za a ba ni ba." Ya yi ƙasa da murya don kada surukar ta ji. "Ɗana ya rantse na gama hawa. Kuma an yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen wata za mu tashi. Wai gidan sama ne, hawa na huɗu."

Rufa-Baya ya zauna kusa da tagar. Dattijon ya juyo gare shi.

"Ka je gada?"

"Ban taɓa zuwa ba. Mu madatsa muke bi."

"To je ka gano mini. Ruwan nan na san ya kai ƙafar gadar ta biyu. In ka dawo ka biyo ta nan, ko ba ka shigo ba, ka kaɗa mini ƙararrawa in san ka wuce."

"Kekena ba shi da ƙararrawa, Baba."

"Keke ba ƙararrawa? Kai, mutanen yanzu."

A ranar ya sayi ƙararrawa a wurin mai gyara, aka ɗaura masa. Mako biyu da 'yan kwanaki yana fita da sassafe, ya je gada, ya biyo ta layin. Wani lokacin ya tsaya a bakin taga ya ba da labarin ruwa da ramukan hanya, wani lokacin in ya makara ya kaɗa kawai, hannun hagun dattijon ya ɗago daga ciki. Kyaftin ya kira sau ɗaya, daga nan bai ƙara ba.

Ranar ɗaya ga wata an tashi da yayyafi. Ya shigo layin, ya kaɗa sau biyu tun daga nesa. Tagar a buɗe take, amma an sauya labule. Wata mata da bai sani ba ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta dube shi daga hular kwano har takalmi.

"Malam, wa kake nema?"

"Yi haƙuri, Hajiya. Wucewa nake."

Ya ɗora ƙafa a feda. Da sauran kusan awa guda kafin lokacin aiki, sai ya bi doguwar hanya.