Rafali Ya Kori Kifayen Auta

Ranar Talata abin ya fara, ana wani yayyafi marar zuciya, bai tsaya ba bai kuma ƙaru ba. A ranar Auta, wadda ke aikin jinya, ta tafi kwas na kwana goma, ta bar wa mahaifinta amanar akwatin kifinta na gilashi da ke falo. A ciki akwai kifayen da ake kira gurami, maza huɗu, kowanne faɗinsa kamar yatsu uku, sai wasu ƙananan kifaye shida masu yawo tare kamar 'yan rakiya.

Mahaifin nata Rafali kowa ke ce masa, don ya daɗe yana busa usur a filin ƙwallo kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi.

"Baba, abinci kawai, sau ɗaya a rana," in ji Auta tana jan jaka. "Goma na bari, goma nake so in tarar. Don Allah kar ka taɓa komai."

"Ni da na riƙe ƙarti ashirin da biyu a fili ɗaya? Kifi ne zai gagare ni?"

Mama ta leƙo daga kicin. "Ƙartin da suka biyo ka har gida sau uku?"

Rafali ya juya ya kalli kifayen. Shekara da shekaru Mama na gaya wa yara cewa ko butar shayi ba a bar masa a kan wuta. Ya ƙudura a ransa, in dai Auta ta dawo ta ƙirga goma, bakin matar nan ya mutu.

Washegari ya ja kujera gaban gilashin. Ko minti biyar bai yi ba ya ga keta ƙiri-ƙiri. Shuɗin gurami ya bi mai ruwan ƙwai ta baya, ya ciji wutsiyarsa, ya kora shi bayan dutse. Rafali ya ƙwanƙwasa gilashi, gargaɗi ke nan. Shuɗi ya maimaita. Rafali ya ɗauko 'yar ragar kamun kifi, ya tsamo shi, ya saka a bokitin wanka.

"Jan kati," ya gaya wa Mama. "Ɗaya kake cirewa, fili ya zauna lafiya."

Fili bai zauna ba. Kafin azahar mai ruwan ƙwan nan, wanda ɗazu yake rakuɓe kamar maraya, ya fito ya buɗe fiffike yana dukan sauran biyun. Ashe ba kyan hali ne da shi ba, dama ce bai samu ba. Rafali ya ji haushinsa fiye da na farko, don har tausayinsa ya ji. Ya tsamo shi, ya rasa mazubi, ya lallaɓa kicin ya ɗauko babbar tukunya.

Ranar Alhamis na ukun, mai ɗigo-ɗigo, ya hau mulki, ya tafi robar wanki. Na huɗun da ya rage shi kaɗai bai sami abokin faɗa ba, sai ya koma kan ƙananan, ya figi wutsiyar biyu. Shi ma ya tafi kwanon wanke-wanke.

Mama ta tsaya a tsakar falo ta riƙe ƙugu. "Baban Auta, kai da ka kori 'yan wasa duka, wa ya rage ka yi wa alƙalanci? Ba ni tukunyata, girki zan ɗora."

"Maman yara, akwai mai laifi a ciki."

"To ka kai shi gidan yari, ba kicin ɗina ba."

Nan dabara ta zo masa. A zamaninsa in kyaftin biyu suka rikice, gefe yake jan su su kaɗai, su gaisa, magana ta wuce. Ya juye mai ruwan ƙwai cikin bokitin Shuɗi, ya ce musu su sasanta kansu kamar manya, ya tafi ya miƙe ƙafa. Bokiti kuwa babu dutse, babu ciyawa, babu wurin gudu. Da ya leƙa bayan la'asar, mai ruwan ƙwai yana saman ruwa, ciki a sama.

Yana tsaye da raga a hannu wayar Mama ta yi ƙara. Auta ce, kiran bidiyo. Rafali ya yi ta yi wa Mama alama da ido, ita kuwa ta bi gida da waya sannu a hankali, ta nuna roba, ta nuna kwano, ta ƙare a bokiti.

Auta ta ce, "Baba, da ka kira ni ai. Wuri suke wa faɗa. Duwatsun ake sauya wa wuri, a baza ciyayin don kar su riƙa ganin juna, sai a mayar da su gaba ɗaya. Mama, ke za ki yi. Baba ya zauna."

Mama ta naɗe hannun riga ta yi. Rafali ya zauna yana kallon ukun suna lalube cikin ciyayi, kowa na neman sabon lungu, babu mai kula wani.

Asarar da aka yi: gurami ɗaya, rabin wutsiyar ƙananan kifi biyu, tukunya ɗaya da Mama ta rantse ba za ta sake girki a ciki ba, da izinin Rafali na zuba wa kifi abinci.